Bitar kotun ladabtarwar NRL kan karon latti: aikin akwai sauri, ma'aunin ne da saura

Mai bin gasar NRL, babbar gasar zari-ruga ta 'yan wasa goma sha uku da ake bugawa a Ostireliya da Niyu Zilan, ya san cewa busar tashi ba ita ce ƙarshen wasa ba. Washegari takardar tuhuma ke fitowa, kuma sau da yawa abin da ke cikinta ya fi sakamakon wasan tasiri a kan makonnin da ke tafe. Wannan sashe na ladabtarwa hidima ce da hukumar gasar ke yi wa kulob-kulob da 'yan wasa da 'yan kallo, don haka ana iya ɗora ta a sikeli kamar kowace hidima. Mun auna ta ne a kan laifi guda, wanda ya fi kowanne tona asirin tsarin: karon latti, wato a afka wa ɗan wasa bayan ƙwallo ta bar hannunsa ko ƙafarsa.

Sai an fahimci yadda raunin ke aukuwa kafin a gane ko hukuncin ya yi daidai. Mai rabon ƙwallo, galibi mai lamba 6 ko 7, aikinsa ne ya matso dab da layin masu tsaro, ya janyo mutum ɗaya ko biyu zuwa kansa, sannan ya saki ƙwallo. Lokacin da zai saki yana juya kafaɗa, haƙarƙarinsa da gadon bayansa su buɗe, idonsa kuma yana kan wanda ya jefa wa. Da ƙwallon ta tafi jiki ke saki. Tsokar wuya da ta ciki, waɗanda ke ɗaure lokacin da mutum ke jiran karo, duk sun kwance. A wannan hali ne ƙato mai nauyin kilo 110 ko fiye, wanda ya taso da gudu daga tazarar mita goma, zai sauka a bayan mutumin da bai kai kilo 90 ba. Ƙirji ya yi gaba, kai ya fizgu baya, sannan ya dawo, a ƙarshe ya bugi ƙasa. Ko kafaɗa ba ta taɓa kai ba, ƙwaƙwalwa na iya girgiza. Ga mai bugun ƙwallo da ƙafa kuwa, haɗarin a ƙasa yake: nauyinsa duka a kan ƙafa ɗaya, ɗayar tana sama, duk abin da ya faɗo wa ƙafar da ke tsaye ƙashin ƙauri ko jijiyar gwiwa ne za su biya.

Hidimar hawa uku ce. Hawa na farko a fili yake. Alƙalin wasa zai iya ba da bugun laifi, ya gicciya hannuwa sama da kai alamar an kai rahoto, ya ɗaga yatsu goma alamar zaman minti goma a waje, ko ya kori ɗan wasa gaba ɗaya. A NRL ba a ɗaga kati, da hannu ake magana. Yana da mataimaka a ɗakin bidiyo da ake kira Bunker, wanda aka buɗe a Sidni a 2016, kuma tun 2022 akwai likita mai zaman kansa da ke kallon hotunan don ya sa a fitar da wanda ake zargin ya bugu a kai. Hawa na biyu kwamitin bitar wasa ne, wanda tsofaffin masu harkar ke zama a cikinsa. Suna duba kowane wasa, har abin da alƙali bai gani ba, su sa wa laifi suna, su ba shi mataki daga ɗaya zuwa uku. Idan abin ya yi muni ƙwarai ba sa sa mataki, kai tsaye suke miƙa shi gaba. Karon latti ba shi da suna nasa a kundin. Yawanci ana shigar da shi ƙarƙashin haɗuwa mai haɗari, idan kuma an taɓa kai ko wuya ya koma kamun sama na sakaci ko na ganganci, idan ba a miƙa hannu don rungumar mutum ba ya zama bugun kafaɗa. Hawa na uku shi ne zaman shari'a, galibi daren Talata a hedkwatar gasar da ke Moore Park a Sidni, daidai hantsi ke nan a agogon Kano ko Zinder. Geoff Bellew, wanda ya yi alƙalanci a kotun ƙolin jihar New South Wales, shi ya daɗe yana shugabantar zaman. Tun 2022 mutum biyu ke yanke hukunci, daga cikin tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa da alƙalan wasa, idan suka rabu shugaba ya raba gardama. Hukumar na da lauyanta, ɗan wasa ma ya zo da nasa.

Wajen sauri ba mu da abin kushewa. Laifin da aka yi ranar Asabar, kafin Laraba kowa ya san makomarsa, mai horarwa ya san da wa zai fita wasan gaba. 'Yan jarida na shiga zaman, suna kawo hujjojin kowane ɓangare a lokacin da ake yi, takardar tuhuma kuma kyauta ce a shafin gasar. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, inda ɗaukaka ƙara kan iya jan ƙafa, zai ga bambanci.

Farashi ma a rubuce yake. A 2022 aka jingine tsohon lissafin maki, wanda sai mai kalkuleta ke gane shi, aka share tarihin kowa, aka fito da jadawali. Ga haɗuwa mai haɗari a mataki na ɗaya, laifin farko tarar dalar Ostireliya 1,000 ce idan an amsa laifi da wuri, 1,500 idan an je shari'a an faɗi. Karo na biyu 1,800 ko 2,500. Karo na uku 3,000, idan kuma an ja an faɗi sai dakatarwar wasa biyu. Mataki na biyu ba tara: wasa ɗaya ko biyu a laifin farko, biyu ko uku a na biyu, uku ko huɗu a na uku. Mataki na uku yana farawa daga wasa biyu ko uku, ya haura zuwa huɗu ko biyar. Kamun sama na ganganci ya fi tsada nesa ba kusa ba, domin mataki na ɗayansa ma daga wasa uku yake farawa. Tarihin laifi kuwa na watanni goma sha biyu ne.

Jadawalin ya yi kyau a takarda. Matsalar tana wurin da ake zaɓar layin da za a ajiye mutum a kai.

A ɗauki shari'ar Felise Kaufusi a Maris 2023. Yana buga wa Dolphins, a kakarsu ta farko a gasar, ya afka wa Jackson Hastings na Newcastle Knights ta baya bayan ya saki ƙwallo. An ba shi minti goma a waje, kwamiti ya sa mataki na biyu. Saboda tarihinsa, amsa laifi na nufin wasa uku. Da a ce an sauke tuhumar zuwa mataki na ɗaya, tara kawai zai biya. Ya je ya nemi ragi, ya faɗi, ya kwashi wasa huɗu, ciki har da haɗuwar farko tsakanin Dolphins da maƙwabtansu Brisbane Broncos. A dubi tazarar: tsakanin dala 3,000 da wata guda a benci babu komai sai ra'ayin mutum biyu kan ƙarfin karon. Kuma da wani ɗan wasa mai farar takarda ne ya yi irin wannan karon, a minti ɗaya, da ƙarfi ɗaya, wasa ɗaya kacal zai rasa. Ba mu ce a daina duba tarihi ba, mai maimaita laifi ya cancanci ƙari. Amma idan tarihin ya ninka hukunci sau uku, to takardar baya ake hukuntawa fiye da abin da aka yi wa Hastings a ranar. Ga shi kuma laifukan da ke taruwa a tarihin ba lallai su zama iri ɗaya ba, ƙananan tara biyu a kan wani abu daban na iya mayar da karon latti na farko ya zama laifi na uku.

Babban gibin shi ne kalmar latti kanta. Babu adadin daƙiƙa da aka tsayar aka ce daga nan an makara. Abin da ake dubawa shi ne ko mai tsaro ya riga ya ƙaddamar da jikinsa kafin ƙwallo ta tafi, ko yana da damar tsayawa ko sassautawa, da ƙarfin karon, da haɗarin rauni, da inda aka buga. Lauyoyi kan zauna suna ƙirga hotuna ɗaya bayan ɗaya. A bidiyon da ke ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, kowane hoto kashi huɗu ne cikin ɗari na daƙiƙa. Mutumin da ke gudun mita bakwai a daƙiƙa zai ci mita uku da rabi cikin rabin daƙiƙa, wato taku biyu zuwa uku. Lauyan ɗan wasa zai ce a kalli abin da saurinsa na ainihi, inda rabin daƙiƙa ƙiftawar ido ce. Lauyan hukuma zai ce a rage sauri, a ƙirga takun da aka yi bayan ƙwallo ta fita. Dukansu suna da gaskiya, kuma a nan ne hukunci ke rawa. Bidiyo mai tafiyar hawainiya yana sa kowane karo ya yi kama da na gangan, na sauri kuma yana wanke kusan kowa. A ganinmu alama mafi amfani ita ce taku da ido. Idan mai tsaro ya ga ƙwallo ta tafi, ya sake dasa ƙafa ya ƙara tura jiki, ya makara, komai ƙanƙantar lokacin. Idan kuwa ya riga ya sunkuya, kansa na gefe, ya buɗe hannuwa ya rungumi mutum ya raka shi ƙasa, wannan kamu ne da ya zo a ƙurarren lokaci. Kwamitin na amfani da irin wannan tunani, amma ba ya fitar da shi a rubuce a kan kowace tuhuma, sai mai kallo ya yi ta kirdado.

Rangwamen amsa laifi da wuri shi ma takobi ne mai kaifi biyu. Yana rage cunkoso, shi ya sa yawancin tuhume-tuhume ba sa kaiwa daren Talata. Amma ma'anarsa ita ce duk wanda ya nemi a saurare shi ya sa wasa ɗaya a caca. Kulob da ke ganin ɗan wasansa na da hujja sau da yawa yakan haɗiye, saboda wasa ɗaya a tsakiyar kaka na iya raba shi da gurbin wasannin ƙarshe. Sakamakon haka matakan da kwamiti ke sawa ba sa shan gwaji yadda ya kamata, kuma misalan da za a kafa hujja da su nan gaba ba sa taruwa. Wanda ke zuwa shari'a galibi wanda ba shi da abin asara ne. Nelson Asofa-Solomona na Melbourne Storm misali ne, ko da yake nasa kamun sama ne ba latti ba: a wasan kusa da na ƙarshe na 2024 ya bugi Lindsay Collins a kamun farko na wasan, aka sa masa mataki na uku, ya ja domin wasan ƙarshe ne a gabansa, ya faɗi, ya samu wasa biyar, Penrith kuma ta ɗauki kofin ba ya fili.

Inda tsarin ya yi aiki yadda ake so shi ne wasan farko na State of Origin na 2024, gasar jiha da jiha tsakanin New South Wales da Queensland. Ba a kai minti goma da farawa ba Joseph Sua'ali'i na New South Wales ya fito daga layi ya haɗu da Reece Walsh na Queensland, a sama kuma bayan ƙwallo ta tafi. Alƙali Ashley Klein ya kore shi, Walsh bai dawo ba, Queensland ta ci 38 da 10, kwamiti ya sa kamun sama na ganganci mataki na biyu, ya amsa, ya karɓi wasa huɗu. Fili da kwamiti sun yi magana da murya ɗaya, kuma ɓangaren da aka cuta ya ga amfanin hukuncin a wasan da aka cuce shi. Wani abin dariya, ɗan wasa na 18, wato ɗan jiran ko-ta-kwana, da dokar ta ba Queensland damar sakawa a daren shi ne Kaufusi. Sai dai ko a nan akwai ƙura: laifin a rigar jiha aka yi shi, amma Sydney Roosters, kulob ɗin da ke biyansa albashi, shi ya yi rashinsa. Tun 2022 ƙananan laifuka a wasannin wakilci ana biyan su da kaso daga kuɗin wasan domin a rage wannan, manyan kuwa har yanzu kulob ke ɗauka. Akasin haka ma ya taɓa faruwa: a 2019 Tariq Sims ya yi karon latti a kan Michael Morgan a wasan kulob, aka same shi da laifi, ya rasa wasa na uku na Origin, wanda shi ne na raba gardama.

A kwatanta da abin da ya faru da Walsh ɗin nan watanni kaɗan kafin haka, a Maris 2024, lokacin da Taylan May na Penrith ya taso masa da gudu a tsaye, kai ya haɗu da kai bayan ya saki ƙwallo, ƙashin fuskarsa ya tsage. Kwamiti bai kawo tuhuma ba. Hujjar da za a iya kafawa ita ce haɗuwar kawuna haɗari ne da babu wanda ya nufa. Amma wanda ya zaɓi gudun da tsayin da zai shiga da su shi ne mai tsaro, kuma idan kundin ya yarda da kalmar sakaci, to rashin sunkuyawa ma sakaci ne. Ɗan wasa ɗaya, kaka ɗaya, ya saki ƙwallo sau biyu an fitar da shi, ɗaya ya jawo wasa huɗu, ɗaya bai jawo ko sisi ba. Mai kallo na da haƙƙin a yi masa bayani dalla-dalla, kuma takardar tuhuma ba ta ɗauke da sunayen waɗanda aka duba aka bari. A wannan fanni Ingila ta fi. Kwamitin da ke duba wasannin Super League, babbar gasarsu, yana zama ranar Litinin, yana amfani da haruffa a matsayin matakai, yana kuma fitar da bayanin abubuwan da ya duba har da waɗanda bai tuhuma ba. A 2025 suka koma tsarin tara maki na watanni goma sha biyu, wato hanyar da NRL ta baro su suka kama. Ba mu ganin makin ya fi jadawali, amma rubuta dalilin ƙin tuhuma abu ne da ba ya cin kuɗi.

Wani aibin da ya daɗe shi ne aiki da guguwa. Johnathan Thurston da Andrew Johns, tsofaffin taurarin rabon ƙwallo, sun shafe shekaru suna kukan yadda ake farautar masu rabon ƙwallo, kuma duk lokacin da kukan ya yi ƙarfi sai a tsaurara na wasu makonni. A Magic Round na 2021 a Brisbane, inda ake buga duk wasannin mako a fili ɗaya, an fitar da 'yan wasa na minti goma sau 14, an kori uku, a yunƙurin hana taɓa kai. A Afrilu 2024, a gasar 'yan benci ta New South Wales, Freddy Lussick na Warriors ya faɗa wa ƙafar Lachlan Ilias yana bugun ƙwallo, ƙafar ta karye, aka miƙa shi kai tsaye ba mataki, ya samu wasa huɗu. Nan take taɓa ƙafar mai bugu ya zama abin da ake busawa ko da an shafa ne kawai. A cikin wannan Afrilun Josh Aloiai na Manly ya taɓa ƙafar Shaun Johnson, aka ba Warriors bugun laifi, suka farke, aka tashi 22 da 22. Dokar tana nan tun kafin ƙafar Ilias ta karye. Abin da ya canja shi ne zafin aiwatarwa, kuma zafin kan huce. Ɗan wasan da ke da ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya yanke shawara ba zai iya koyon layin da ke matsawa daga wata zuwa wata ba.

Sai batun wanda aka cuta. Ɗan wasan da ake zargin ya bugu a kai ana fitar da shi gwaji na minti 15, idan alamun sun yi tsanani ba ya dawowa ko kaɗan, kuma tun 2023 wanda aka tabbatar ya samu girgizar ƙwaƙwalwa sai ya huta kwana 11. Ma'ana ya rasa ragowar wasan da kuma na mako mai zuwa. Wanda ya buge shi kuwa, idan mataki na ɗaya ne, dala 1,000 ce, a gasar da manyan taurarinta ke karɓar sama da dala miliyan ɗaya a shekara. Tarar ba ta bin albashi, don haka ga matashin da ke ƙasan jeri kuɗi ne, ga babba kuwa kuɗin shan ruwa. Idan dakatarwa ce, ƙungiyoyin da za su haɗu da shi nan gaba ne ke cin riba, ba wadda ta rasa lamba 7 ɗinta ba. Ɗan wasa na 18, da aka shigo da shi a 2021, yana rage raɗaɗin, amma ƙofarsa ƙarama ce: sai idan 'yan wasa biyu sun faɗi gwajin kai, ko kuma rauni ya hana mutum ci gaba sakamakon laifin da aka fitar ko aka kori mai shi. Idan alƙali da Bunker suka tsaya a rahoto kawai, ƙofar ba ta buɗuwa, ko da kwamiti ya sa mataki na uku washegari. Wannan ya sa hukuncin fili ya fi na Talata daraja, kuma shi ne wanda ake yankewa cikin gaggawa. A Agusta 2021 Latrell Mitchell ya fasa wa Joey Manu ƙashin kunci, minti goma aka ba shi a fili, daga baya ya samu wasa shida. Ba yadda za a yi waɗannan hukunce-hukunce biyu su zama daidai a lokaci ɗaya.

Idan za mu ba da maki, sauri da buɗe ƙofa tara cikin goma, bayyana farashi takwas, daidaito daga shari'a zuwa shari'a biyar, kare wanda aka buga a ranar da aka buge shi huɗu. Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a ware wa karon latti suna nasa a kundin, da misalan bidiyo na kowane mataki da za a wallafa a farkon kaka kowa ya gani, a riƙa rubuta layi biyu kan duk abin da aka duba aka bari, a kuma cire ƙarin wasa ɗaya ga wanda ya amsa laifi amma yake jayayya a kan mataki kawai.

Ga mai son bin takardar tuhuma da kansa, kada adadin wasanni ya fara ɗauke masa hankali. A fara duba sunan laifin, domin bambancin sakaci da ganganci ya fi bambancin mataki nauyi. Sannan a duba ko laifi na nawa ne, na farko ko na uku, nan ne yawancin abin da ke kama da son kai ke samun bayani. Alƙaluma biyun da ke gefe, na farko na wanda ya amsa ne, na biyu na wanda ya ja ya faɗi. Daga nan a nemi bidiyon, a kalle shi sau ɗaya da saurinsa, sau ɗaya a hankali, a ƙyale fuskar wanda aka buga, a sa ido a kan ƙafafun mai tsaro daga lokacin da ƙwallo ta bar hannu.